Kada a ruwan da bai kai gwiwa ba

Ni jikan Sarkawa ne, a Yauri aka yanke mini cibiya, kuma na iya soka tana a ƙugiya tun kafin in iya haɗa baƙi. Shi ya sa ranar da wani dattijon Bature da muke aiki tare a Sidni ya ce zai kai ni inda ake kama wani kifi mai suna filathed, mai tsawon hannun babban mutum, a ruwan da bai kai gwiwa ba, dariya na yi a raina. Abin da na tashi na tarar shi ne, babban kifi a gurbi yake kwana, can inda ruwa ya yi baƙi. Bakin gaɓa kuwa na yara ne da 'yan karfasa. Na ce masa, "To, Allah ya kai mu," irin amsar da ake ba mai tatsuniya.

Ashe da gaske yake. Da watan Nuwamba ya kama, lokacin da Ostireliya ke shiga zafi alhali a gida sanyi ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya ce in nemi hutun kwana uku. Abu na farko da ya sa ni yi shi ne biyan kuɗin izinin kamun kifi ta intanet. A jihar New South Wales ko ɗan tsurut za ka kama sai da wannan rasit: dala 7 na kwana uku, dala 35 na shekara. Na biya na kwana uku. Daga nan muka shiga shagon kayan su, ya ɗauko wani kifin bogi na roba mai tauri, tsawonsa ya kai taƙi guda har da ɗoriya, jikinsa gaɓa biyu, an yi masa ido da fenti kamar zai yi numfashi, ƙugiyoyi masu baki uku-uku na reto a cikinsa. Dala 45. Na juya shi a hannu na ce a gida irin wannan girman shi ake soyawa a ci da gari. Ya ce ai shi ya sa, babba ba ya tashi don ɗan abin da bai kai loma ba.

Daga Lakemba, unguwar da nake zaune a Sidni, ya ɗauke ni bayan na yi sallar asuba, wadda a wannan watan ƙarfe huɗu da 'yan mintuna take shiga. Muka kama titin Princes muka miƙi kudu. Gangaren da ke sauka Wollongong ya ba ni tsoro, har an yi wa manyan motoci wasu 'yan hanyoyi a gefe cike da tsakuwa, wanda birki ya ƙwace masa ya faɗa ciki. Kiama da Berry da Nowra duk mun wuce su ina gyangyaɗi.

Bayan Nowra muka tarar da shinge, shi kaɗai ne kuma a tafiyar da ta haura kilomita 300. 'Yan sanda ne ke gwajin masu tuƙi da giya a ciki. Ni da na saba da shingayen hanyar gida, jikina ya riga ya shirya: na gyara zama, na fara tunanin inda takarduna suke, har da murmushin da ake tanada don irin wannan wuri. Wata 'yar sanda ta leƙo, ta duba lasin dattijon, ta kara masa wata 'yar na'ura kusa da baki ta ce ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Bai kai bakwai ba ta ce mu sauka lafiya. Ko kallona ba ta yi ba. Sai da muka yi nisa na lura har yanzu hannuna na cikin aljihu.

Daga Ulladulla zuwa gaba daji ne na itatuwan turare, kuma yawancinsu gindinsu baƙi ƙirin, sabon ganye na fitowa ta jikinsu. Ragowar gobarar dajin 2019 zuwa 2020 ce. A ɗan ƙauyen Mogo, wanda wuta ta shiga ranar jajibirin sabuwar shekara, dattijon ya rage gudu ya yi shiru, ban tambaye shi komai ba. Muka haye sabuwar gadar Batemans Bay, muka sha mai a Moruya, lita ta kusa dala biyu. A nan ya nuna mini kogin ya ce daga bakinsa aka fasa duwatsun da aka yi wa ginshiƙan babbar gadar Sidni ado. Kafin azahar mun saki babban titi mun shiga Tuross Head, wani ɗan gari da ke zaune a kan tudu, tafkin Coila ta arewa, tafkin Tuross ta kudu, teku a gabansa.

Masaukinmu ɗan ɗakin katako ne a wani sansanin masu hutu, dala 150 kwana ɗaya, muka raba biyu. Na daina mayar da kuɗin ƙasar nan naira tun shekarata ta farko, don yana hana barci. Da na tashi yin sallah na duba waya, alƙibla ta nuna yamma. Na san haka tun zuwana, amma har yau in na ce zan fuskanci gabas sai in ba wa rana mai fitowa baya, raina bai gama yarda ba. Ina sallame sallah na ga kangaru uku a kan ciyawa suna kallona, baki na motsi.

Tafkin Tuross ba tafki ba ne irin wanda muka sani. Bakin kogi ne da ya baje ya yi rassa da tsibirai kafin ya faɗa teku, ruwansa zartsi, ba na daɗi ba ba kuma na gishiri zalla ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cikowa da janyewa. A Yauri mukan jira watanni kafin ruwa ya kawo, mu jira wasu watannin kafin ya ja baya. Nan kuwa sau biyu a kwana guda yake cika, sau biyu yake janyewa, kullum kuma yana ƙara jinkirin kusan minti hamsin. Inda ka taka busasshen yashi da hantsi, da la'asar ruwa ne har cinya. Mutanen wurin ba sa cewa mu fita ƙarfe kaza, jadawalin ruwa suke dubawa tukuna.

Ranar farko da yamma ruwa ya janye, dattijon ya ce in bar sandar fatsa a mota, karatu za mu je. Muka yi ta tafiya a kan fili na yashi mai laima, dubban ƙananan ƙaguwa masu shuɗin baya suna gudu a gabanmu kamar rundunar tururuwa, kwasakwasa na tsaye can nesa. Sai ya tsaya ya nuna ƙasa da yatsa. Wani ɗan rami ne marar zurfi, mai siffar kan shebur, da jela a baya. Ya ce nan wata filathed ta kwanta da ruwan safe. Na sa ƙafata a ciki, kan kaɗai ya fi tafin ƙafata faɗi. Muka ƙirga irin wannan makwanci goma sha ɗaya a gefen wata 'yar kwata da ruwa ke bi in zai fita, duk kawunansu na kallon inda ruwa ke fitowa. Biyu manya ne, sauran ƙanana a kewaye da su. Wannan karatun na gane shi, don haka kakana yake karanta sawun tarwaɗa a taɓo.

Kifin sunansa filathed, ma'ana mai shimfiɗaɗɗen kai, kuma sunan bai yi ƙarya ba: kamar an taka kansa da turmi. Idanunsa a sama suke, bakinsa faffaɗa, bayansa launin yashin da yake kwance a kai. Ba ya yawon neman abinci. Binne kansa yake yi ya bar ido kawai a waje, ya jira ruwa ya kawo masa jatan lande ko ɗan kifi, sannan ya yi tsalle ɗaya. Masunta a can ƙadangare suke ce wa matsakaitan, manyan kuma kada. Yakan kai mita ɗaya da santimita 20, nauyi har kilo 15, amma wanda ya haura mita ɗaya labarinsa ake yi shekara da shekaru. Kuma duk wanda ka ga ya yi wannan girman mace ce. Mazan ba sa yin nisa, su ne ƙananan da ke kewaye da ita in lokacin zuba ƙwai ya gabato. Dalilin hawansu tudu kuwa ɗumi ne da abinci: rana ta gasa yashi, ruwa ya ciko a kansa ya yi ɗumi, ƙananan kifaye su biyo, ita kuma ta riga su zuwa.

Washegari muka shiga da ruwa na cikowa. Ya ba ni takalmin roba saboda ɓawon kawa mai yanka kamar reza, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda da na sa shi sai ƙasan ruwa ya fito tas kamar an ɗauke murfi. Ya ce kada in ɗaga ƙafa, in riƙa jan ta a ƙasa, saboda kunamar ruwa. Wannan ma ba baƙuwa ba ce, masuntan Binuwai sun san 'yar'uwarta. Ta nan dai ta fi faɗi, na ga wata ta tashi a gabana kamar an ɗaga faifai, kuma tun da irinta ta kashe Steve Irwin, shahararren mai shirin namun daji a talabijin, a 2006 ba wanda ke wasa da ita.

Aikin kansa ba wuya a faɗa. Ka jefa kifin bogin iya ƙarfinka, don a ruwa marar zurfi ita ke fara ganinka. Ka juya marikin naɗin zare rabin juyi, kifin ya goce dama. Ka tsaya. Ka sake rabin juyi, ya goce hagu. Ka tsaya, ka ƙirga uku ko biyar, yana rataye a ruwa kamar mai ciwo. Ka jefa gabanka, ka jefa dama, ka jefa hagu, ka matsa taku biyar a hankali, ka sake. A wurin tsayawar nan take kai hari, ni kuma tsayawar ce ta gagare ni. Hannuna ya saba da fatsa mai tana, inda kifi ke yin aiki kai kana zaune. Nan kai ne za ka yi wa roba rai, kuma da gaggawa ta shigo sai ta koma roba.

Awa huɗu ko taɓawa ba a yi ba. Kafaɗata ta riƙe, ƙananan ƙudaje masu cizo suka yi kaca-kaca da wuyana, ranar ƙasar nan kuma ba ta duba launin fata, ƙeyata har saɓa ta yi daga baya. Na gaji na fara tafiya gaɓa-gaɓa ina fantsama ruwa. Taku biyu a gabana, abin da na ɗauka guntun itace ne ya fashe da gudu, ya bar gajimaren yashi, ruwa ya tsage ya yi kunya har bakin kwata. Ruwan wurin iyakarsa ƙwaurina. Na tsaya baki buɗe. Dattijon daga can ya ɗaga hannu biyu ya gwada mini tsawonta, sannan ya nuna ƙafafuna ya girgiza kai.

Wajen la'asar na samu hari na farko. Ban ji fizga ba, nauyi kawai na ji kamar na maƙale a buhun yashi, sai buhun ya fara tafiya. Na jawo ta har kusa, na ga faɗin kan, sai jinin Yauri ya motsa: na ɗaga sanda sama don in fito da kanta in gani da kyau, yadda ake yi wa tarwaɗa. Dattijon na ihu in kwantar da sanda, amma ina. Kanta na fitowa iska ta fara girgiza shi hagu da dama, haƙoranta ƙanana ne amma kamar zarto, guntun zare mai kauri da ke gaba ya tsinke kamar zaren ɗinki. Ta tafi, dala 45 ta bi ta. Ya ce kar in damu, yawanci sukan yar da shi, kuma shi ya sa yake matse ƙayar ƙugiyoyinsa da filaya. Ni dai ba ita nake tausayi ba a lokacin.

Kafin mu fita ya ɗaura mini ƙaramin kifin roba mai laushi don kada mu kwana da yunwa, na kuwa kama ɗaya mai santimita 48. Garin cire ƙugiya na damƙe shi ta bayan kai, ya yi fizga ɗaya, ƙayar da ke gefen kumatunsa ta shige babban yatsana. Wanda kurungu ya taɓa sokewa ya san irin zafin, sai dai wannan jinin ba ya son tsayawa. Dattijon ya ce tsofaffin masuntansu sukan goga yauƙin cikin kifin a kan ciwon. Na yi dariya duk da raɗaɗi, don irin maganin da kakata za ta bayar ke nan. Na goga, na kuma wanke da ruwan zafi da muka koma.

A bakin gaɓa muka haɗu da ma'aikacin kula da kamun kifi. Ya gaishe mu, ya duba rasit a wayata, ya shimfiɗa kifin a kan ma'auni. Dokar jihar tun watan Agustan 2022 ita ce, filathed irin wannan ba a ɗaukar wanda bai kai santimita 36 ba, ba a kuma ɗaukar wanda ya haura 70, sannan guda biyar ne iyaka a rana. A da goma ne, har da ɗaya babba. Jihohin da ke maƙwabtaka ma haka suke: Queensland daga 40 zuwa 75, Victoria daga 30 zuwa 55. Ya ce matan sai sun doshi santimita 57 rabinsu ke fara ƙwai, don haka babbar da ka cire ba kifi ɗaya ka cire ba. Shi kansa tafkin tun 2002 aka hana masu taru na kasuwa shiga, gwamnati ta sayi lasisinsu, aka bar shi ga masu fatsa. Ina saurare ina tuna Argungu, inda a 2005 kifi mai kilo 75 ya ci gasa, mutane na kabbara ana ɗaga shi sama. Mu babba shi ne abin kai wa gaban Sarki. Na tuna kuma yadda Kawuna ke ƙorafi duk na kira cewa kifin da ake fitarwa yanzu a Yauri, da can mayar da shi ruwa ake yi don ƙanƙanta.

Daren nan na so in ɗanɗana soyayyen kifi da dankali na wani shago a bakin ruwa, sai da na tambaya aka ce ƙullun da suke tsoma kifin da giya ake kwaɓa shi. Wannan tambaya dole ce a ƙasar nan. Muka koma ɗaki na ciro ƙullin yajin da Inna ta haɗo ni da shi, na yi mana farfesu da albasa da tumatir. Tsokarsa fara ce sol, mai ɗan zaƙi, ba ƙarni, ba kitse irin na tarwaɗa. A kasuwar Sidni kilo guda na tsokar filathed kan haura dala 40. Dattijon ya sha kwano biyu yana share hawaye da majina, yana cewa ba komai, ba komai.

Rana ta ƙarshe ya ara mini nasa kifin bogin, wani tsoho da haƙora suka kankare wa fenti. Muka koma kwatar nan mai makwanci goma sha ɗaya, wannan karon ruwa ya cika ya fara janyewa, ƙananan kifaye na gangarowa daga tudu dole, don in sun tsaya za su kwana a yashi. Gari ya yi lumshi, iska kaɗan ta ɓata fuskar ruwa, abin da ya ce shi ake so. Na tsaya nesa, ruwa a ƙasan gwiwata, na jefa can ƙetaren kwatar. Rabin juyi. Tsayawa. A raina ina karanta Ƙulhuwallahu don in hana hannuna gaggawa, sai na kai ƙarshe in sake juyawa. A jifa na tara ko na goma, kifin na rataye a bakin wata ciyawar ruwa, na ga ƙasa ta tashi. Yashin da nake kallo ne kawai ya buɗe baki, fari fat a ciki, roba mai tsawon taƙi ta ɓace gaba ɗaya.

Wannan karon na kwantar da sanda gefe har bakinta na taɓa ruwa. Ba ta da dogon gudu irin na giwan ruwa. Fizga take yi mita biyar ko shida, ta kwanta a ƙasa ta yi nauyi, sannan ka ji bugun kanta na zuwa ta cikin zare har gwiwar hannunka. Duk bugu ɗaya ina tuna zarton jiya. Sau uku tana ganin ragar dattijon tana juyawa. A na huɗu ya nutsa ragar ya tsaya cik, ni na jawo ta a hankali, kanta a cikin ruwa, ta shige da kanta.

Ya jiƙa tabarmar awo ya shimfiɗa a bakin ruwa. Santimita 84. Kusa da ita sai na ga abin da ban gani ba a ƙaramin: ɗige-ɗigen bayanta kamar an yayyafa barkono a kan yashi, wani ɗan labule mai yatsu da ya sauko a kan ƙwayar idonta, da baƙin tabo a jelarta. Ya nuna mini yadda zan ɗauke ta, hannu ɗaya da safa a leɓen ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin ciki, kada a rataye ta da baki. Ya ɗauki hoto biyu ya ce to, mayar da ita.

Na san dokar, na ji bayanin jiya, na kuma yarda da shi. Amma na durƙusa a ruwa da ita a hannu, yatsuna suka ƙi buɗewa. A gidanmu wannan miyar kwana biyu ce, da kai na maigida, da tsakiya na baƙi, da rabon maƙwabta. Ban taɓa ganin an saki irinta da gangan ba. Na ji kumatunta na buɗewa suna rufewa a tafin hannuna, sai ta yi wata 'yar girgiza, na sassauta. Ba ta gudu ba. Ta sulale taku uku, ta kwanta, ta kaɗa jiki sau biyu yashi ya rufe ta. Ina kallon wurin, na san tana nan, amma ban ƙara ganinta ba.

Da yamma, lokacin ƙarfe takwas na safe a gida, na tura wa Kawu hoton sannan na kira shi. Ya yi ta salati, ya tambayi kilo nawa, na ce ban auna ba. Ya ce to wa da wa suka ci?

Na ce, "Kawu, ai na sake ta."

Shiru ya yi har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Ɗan nan, kuɓuce maka ya yi dai. Faɗi gaskiya, ba abin kunya ba ne."

Na yi masa bayanin santimita 70 da ƙwai da ma'aikacin da ke yawo da ma'auni. Ya ce ikon Allah, wato a can har kifi yana da gata. Ya tambayi zurfin ruwan, na ce bai kai gwiwa ba. Nan ne ya ce lallai zaman Turai ya fara taɓa ni, ya miƙa wa Inna waya.

Hanyar dawowa ba abin faɗa, sai cunkoso daga Wollongong da yatsana da ke zogi duk na taɓa wani abu. Da na lissafa masauki da mai da izini da kifin bogin da ya tafi, tafiyar ta ci mini kusan dala 300, abin da na ci a ciki kuma rabin kifi ɗaya ne. Ƙarfe goma na dare dattijon ya sauke ni a Lakemba. Ina hawa bene saƙon murya ya shigo daga Kawu. Ya ce ya nuna wa mutanen bakin ruwa hoton, gardama ta kaure, wasu sun ce haɗin kwamfuta ne. Sannan ya sassauta murya ya ce, wannan kifin na ƙarya da ke maƙale a bakinsa, in da mai zuwa gida in aiko masa da guda biyu, akwai wani gurbi da ya san giwan ruwa na kwana.